Sikelin Alhaji Mijinyawa

Ni ne Ɗan'azumi, mai riƙon sikeli
a rumfa ta huɗu, layin 'yan albasa, Gidar.
Shekara talatin da ɗaya ina kallon allura
tana rawa, ta tsaya, ta faɗi abin da ta gani.
Ba ta taɓa cin hanci ba. A gunta na koya.

Da buhu uku Mijinyawa ya fara, na bashi,
yana kwana a kansu don gudun ɓarayin tasha.
Kafin furfura ta leƙo gemunsa
motoci biyar ke kai sunansa Duwala,
lissafi da ajami a bayan kwalin shayi,
ko dala ba ta taɓa ɓace masa ba.

Sai daminar da Mayo Luti ya cika ya batse.
Mota ta kafe a mashigi kwana tara,
buhu ɗari biyu suka narke,
wari ya kori har karnukan ƙauye.
Ya tsaya a gaɓa, wando a naɗe, bai ce uffan ba.
Da muka dawo ya hau sikeli, wai wasa:
kilo saba'in da ɗaya.
Ya ce, "Rubuta. Zan nemi kansila,
in ga wanda ya zauna a kan kuɗin gadar nan."

Zaɓen farko ya sha ƙasa, mota guda ta tafi
a atamfa da sabulu da man 'yan babur.
Na biyu ya ci. A na uku suka rataya masa
ɗamarar magajin gari, kore da ja da rawaya,
hannun da ya saba da igiyar buhu
ya koyi riƙon hatimi.

Ba zan tauye masa awo ba:
famfon unguwarmu aikinsa ne, har yau yana zuba,
da rumfunan kwano, da fitilu bakwai a tasha.
Ba kuma zan yi masa gyara ba:
haraji ya ninka a kan masu tallan tumatir,
kwangilar gada ta faɗa hannun ƙanin matarsa,
siminti kaɗan, yashi da yawa,
ruwan Agusta ya ɗauke ta kamar faifai.
Mata suka sa shi a waƙa wajen daka.
Ya ji. Ya sayar da mota biyu ya sake ginawa,
bai kafa allo da sunansa ba.
A shekarar ya leƙo rumfa da dare,
allura ta ce casa'in da huɗu.

Daga nan sai majalisar jiha, Garwa,
ɗaki mai sanyi, kujera mai juyawa,
Faransanci na zuba kamar ƙanƙara a kan kwano.
Ɗansa ke karanta masa takardu bayan isha'i.
Sau ɗaya, in ji su, ya miƙe ya yi magana,
kan rumbun ajiya, don kada manomi
ya zubar da albasarsa da arha ranar cira.
Aka tafa. Aka sa a takarda.
Takardar tana Garwa.

Bara jam'iyya ta ba wani yaro mai digiri kujerar.
Wayar da ba ta barci ta ɗauki azumin magana,
masu "ranka ya daɗe" suka koma wata inuwar.

Jiya da hantsi ya zo a bayan babur.
Ya ɗauki albasa ɗaya, ya matsa wuyanta, ya shinshina,
ya ce, "Ta Marwa ce, an cire ta da wuri."
Gaskiyarsa.
Ya tuɓe takalmi ya hau.
Sittin da takwas.
Ya yi dariya: "Ina sauran ukun, Ɗan'azumi?"
Na ce, "Alhaji, ni nauyi kawai nake faɗi.
A duba ƙarƙashin gada."

Muna nan direba ya bugo:
ya haye Mayo Luti, ko taya bai jiƙa ba.
Alhaji ya gyara zama a kan buhu,
ya ce in miƙo masa kwalin shayi da alƙalami.