Ɗaya Saura Ƙiris

Shafi uku na cika a ɗakin gwaji na Ƙauran Namoda,
fanka ta mutu tun hantsi, gumi na ɗiga kan lissafi,
amsa ta fito: sifili, ɗigo, tara, takwas.
Na ce, Malam Nomau, na ɓata hanya.
Wace irin taransista ce za a ba ta ɗaya
ta mayar da ɗaya saura ƙiris?
Ina ribar?

Bai ko ɗaga takardar ba.
Ya ce, tafki yana da cikarsa,
wannan ka gama aunawa tun jiya.
Yau ka manta da zurfi,
ka dubi rawar da ruwa ke yi
in kwaɗo ya taɓa shi da baki.
Ka kashe batir a zuci,
ka bar ɗan motsin shi kaɗai.

Na sake bi.
Ashirin da shida a raba da abin da ke gudana,
ga 'yar turjiya a ƙafar emita,
ƙarama kamar ƙwayar gero a haƙori.
Ita ce ke cin ƙiris ɗin.

Ya ce, to auna ƙofar shiga.
Na auna: dubu ɗari da 'yan kai,
ba ta roƙon mai rauni komai.
Auna ta fita.
Na auna: a buɗe take, ko nawa ne kaya ta ɗauka.

A koren gilashi layi biyu suka tashi tare,
suka sauka tare,
na ƙasa bai wuce na sama ba.

Sai na ga Gwaggo Tumba
shekarar da ciwo ya kama harshen Baba.
Takan kai kunne dab da leɓensa,
ba ta cewa ya maimaita,
ba ta sa shi ya yunƙura.
Sai ta miƙe ta faɗa wa zaure duka:
gonar fadama ta Jaɓɓi ce,
bashin mai taki a biya kafin kaka.
Ba gishiri, ba ƙari.
Maganar tasa, numfashin nata.

Nishin da ke tsakanin kalmomin
shi kaɗai ba ta isar ba.

Na ja layi biyu ƙarƙashin amsar.
Malam ya ce, an kusa ɗauke wuta,
zare wayoyin, ka bar wa na baya benci.