Hanyar da Ka Binne

Kwana arba'in da uku da tafiyarka,
ruwan wanka ya ƙi tafiya.
Ya tsaya a bakin rariya yana kallona,
kumfa a kansa kamar furfura,
ya yi ɓul-ɓul sau biyu, ya yi shiru.

Babikir, kai ka shimfiɗa bututun gidan nan
shekarar da Nafisa ta fara rarrafe.
Ba ka bar takarda ba.
Taswirar tana cikin kanka,
kanka kuwa yana ƙarƙashin ƙasar Gadarif, yana fuskantar alƙibla.

Na zuba tafasasshen ruwa, na zuba toka,
na zura waya har ta lanƙwashe.
Tabawa ta leƙo ta katanga:
"Saifon ɗinku ya cika, a kira motar yasa."
Motar ta zo, ta ci kuɗin buhun dawa.
Direban ya ɗaga murfi, ya haska tocila:
"Hajja, ramin nan ko rabi bai kai ba.
Ciwon ba a ciki yake ba, a maƙogwaro yake."

Sai na tuno ka a tsugune da igiya da turke,
kana koya wa yaron aikinka, ni ina tankaɗe:
ruwa ba ya hawa tudu, kuma ba ya son gaggawa.
Gangaren yatsa ɗaya a kowane kamu biyu.
In ya cika gangara, ruwa ya gudu ya bar kayansa,
in ya kwanta, su kwana tare a hanya.
Na banɗaki da na madafa su gaisa a ƙaramin akwati,
daga nan ɗaki na farko, inda mai nauyi ke nutsewa,
ɗaki na biyu, inda ruwa ke hucewa,
sannan rijiya ta shanye saura a asirce.
Ashe ina ji. Ban san na ji ba.

Muzammil ya zo da diga. Ya yi gemu yanzu.
Na ja mayafin takaba, na ƙirga daga ƙofar banɗaki,
taku tara,
na ce masa: nan.

Baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani,
mai kumbura da damina kamar ƙullin fanke,
ita ta motsa gaɓar bututu, ta buɗe kafa kamar ta allura.
Ta nan saiwa ta shiga.
Ya zaro ta, doguwa, a cukurkuɗe kamar gashin tsifa,
ya bi ta da ido har gindin lemun tsaminka.

Wanda ka dasa.
Wanda muke mamakin yadda yake kore shar
a watan da ko jaki ke neman inuwa.
Shekara goma sha tara yana sha a ɓoye,
mu muna matse 'ya'yansa a kan wake.

"A sare shi," in ji Muzammil, "in ba haka ba baɗi zai koma."
Na ce, nawa ne gwiwa biyu da bututu kamu shida?
Ya lissafa da yatsu. Na kwance bakin zane.
Hanya ta karkata ta bayan turken awaki,
ta bar masa wurinsa.

Da magariba na juye buta guda don gwaji.
Ya wuce, da 'yar ƙarar haɗiyar nan
da ban taɓa saurara ba sai yau.
Na ɗauki gawayi, na zana layin a bangon madafa,
da kibiya, da yawan taku,
saboda Nafisa.