Haruffa Huɗu a Bakin Teku

A Gdynia, bayan rumbunan kifi,
ubana Bogumil ya shekara talatin da ɗaya
yana murza majigi
a ɗaki mai warin kwal da jiƙaƙƙun riguna.
Bisa ƙofa, haruffa huɗu na jar wuta: KINO.
Na ƙarshen yakan yi ƙifce in ruwa ya sauko.

Ni ce mai yage tikiti, ina da sha biyu,
kalmar kuwa na ɗauka tamu ce,
kamar cokali, kamar bargo.

Sai Stelios, kukun wani jirgin Girka,
ya ɗaga kai, ya tuntsire da dariya:
"Tamu ce kuka datse wa wutsiya!
Motsi take nufi.
Jamusawa suka ji ta cika musu baki,
suka gutsure, suka miƙa muku kan."
Ya biya da lemo biyu, canji ya ƙare masa.

Shigeru, mai gyaran inji, bai yi dariya ba.
Ya ja ƙarshenta a hankali, kinoo,
ya ce a garinsu jiya ke nan.
Dare uku yana zuwa, kujera ɗaya,
fim ɗin ma bai canza ba.

Ranar wata Asabar aka kusa dambe.
Tamati, daga can ƙasar Maori, ya ƙi shiga,
wai a bakin kakarsa kalmar mugunta ce.
Kaleo na Hawai ya ce a'a, jiki ce, jiki kawai.
Uwata, tana ƙirga sulalla, ba ta ko ɗago ba:
"Ku shiga, fada ma haka yake haɗa su ran Lahadi."

Ubana bai taɓa sa baki ba.
In na kai masa labari sama, cikin zafin fitila,
sai ya ce, "A nan burodi take nufi.
Riƙe mini wannan faifan."

Na girma kafin wata malama 'yar Ingila
ta gaya mini asalin ɗaya kalmar, fim:
yana ce, ba wani abu ba,
irin wadda ke kwanciya kan madara in ta huce.
A shekarar ce yana ta rufe idon ubana,
na hagu tukuna.

Yanzu takalma ake sayarwa a wurin.
Da aka sauke allon na roƙi harafin ƙarshe,
yana nan bayan kabad, bai ƙara kamawa ba.

Da yamma nakan juya kujerarsa ta fuskanci taga.
Ba ya gane fuska.
Haske dai yake gani, da inuwa tana gilmawa,
jikin wani, motsin wani, wataƙila jiya.
Ya ce mini, "Halina, hoton ya yi dishi-dishi.
Wane ne a sama yau?
Ce masa ya goge gilashin."