Sanɗa

A shagon Ilu, can bayan kasuwar Dilimi,
inda janareta ke tari kamar tsoho a lokacin sanyi,
mun cinye damina guda kan gardama ɗaya:
na ɗaya ya fi, ko na biyu, ko na uku?

Nanfa ya ce na uku. Ya ƙirga a yatsu:
bindiga mai hangen nesa, gurneti mai hayaƙi,
tabarau mai gani a duhu kamar idon mage,
taswirar da ke nuna maka kowa da inda ya dosa.
Na ce, to ina sanɗar?
Wanda ya ga komai, me ya rage masa na tsoro?
Wannan ba farauta ba ce, kamun kaji ne a akurki.

Ni ɗan na ɗaya ne.
Hotonsa dishi-dishi, fuskoki kamar an sassaƙa su da gatari,
amma wuƙa ɗaya za a ba ka, da tsakuwa uku.
Ka jefa gabas, ka bi ta yamma.
Ka kwanta ƙarƙashin mota kana ƙirga takun takalmi,
yatsa a kan maɓalli, numfashi a maƙogwaro,
har shayin Ilu ya huce ba ka sani ba.

Na biyu kuwa ɗan tsakani ne.
Ya zo da bindiga mai toshiyar baki,
da allurar barci da ake hurawa daga nesa,
ya zo da surutu kuma, labari bisa labari,
ka ajiye abin riƙo, ka sayo gyaɗa, ka dawo,
ka tarar shugaban 'yan ta'addar bai gama jawabi ba.

Wata Laraba Baba ya biyo ni shagon,
kuɗin cefane na aljihuna, na manta.
Shekara sha tara yana gadin sito a Titin Bauchi:
tocila, gora, usur a wuya, bargo biyu.
Bai yi faɗa ba. Ya tsaya bayana, hannuwa a baya.

Na lallaɓo bayan wani mai gadi a bakin ƙofa,
na zaro wuƙa.
"Tsaya," in ji Baba. "Dubi yadda ya jingina.
Ƙafar hagu ce ke damunsa.
Wannan tsayuwar ƙarfe uku na dare ce, na san ta."
Nanfa ya yi dariya: "Baba, ai zane ne."
"Zanen wa?" in ji Baba.
Shagon ya yi tsit, ban da janareta.

Da na jefa tsakuwa mutumin ya bi ta,
Baba ya yi tsaki.
"Wanda ya ƙera wannan bai taɓa kwana a waje ba.
In ka ji ƙara a gabas, yamma ake haskawa."
Ya karɓi kuɗin cefanensa ya fita.

Na sake na ɗaya daga farko, ban zare wuƙa ba.
Yammaci goma sha ɗaya, da bashin Ilu ɗari takwas.
Na wuce su duka suna tsaye,
har da mai ƙafar hagu.
Nanfa ya ce ɓata lokaci ne, har yau muna yi.

Amma da asuba, in Baba ya dawo,
ina jin sa yanzu, don na koyi saurare:
yana cire takalmi tun daga zaure,
ya ɗaga ƙyauren kaɗan don kada ya yi kuka,
ya tsallake bokiti, ya tsallake tabarmar Sa'adatu,
ya rataye usur ba tare da ya taɓa ƙusa ba.
Ba taswira, ba tabarau.
Mu shida a gidan,
shekara sha tara bai tashi ko ɗaya ba.