Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da uku muna tare da Agwagwa,
sunan da mutanen gaɓar Morbihan
suka laƙaba wa ɗan kwale-kwalena na katako.
Ban ji haushi ba. Agwagwa ba ta nutsewa.
Cikinta da faɗi, ƙyallen iskarta guda, ja, ya koɗe,
da faci biyu da Maiwenn ta ɗinke a teburin kicin.

Ta san hanyar tsibiri ko hazo ya rufe,
ta san inda masu kiwon kawa suka kafa turaku.
Tana ɗaukata, da burodi, da cuku, da butar kofi,
da jikata Soizic da bokitin ƙaguwarta,
har da kare, ran da ya ga dama.
Ba ta taɓa kifar da ni ba.
Ba ta kuma taɓa sa gabana ya faɗi ba.

Sai ga Tangi, ɗan mai gyaran inji, da nasa:
baƙi wuluk, siriri kamar tsinke.
In iska ta kama shi sai ya miƙe tsaye
bisa ƙafafu biyu masu kaifin wuƙa,
ya bar ruwa a ƙasa, ya wuce yana fito.
Na sayarwa ne, wai yaron zai tafi karatu Rennes.

Na ce da kaina: Gwenole, sittin da huɗu gare ka,
gwiwarka ta hagu na riga rediyo sanin hadari.
Na ce kallon kitse nake wa rogo.
Na faɗi duk abin da mai hankali ke faɗa,
sannan na ce da yaron: ara mini ran Asabar.

Sau huɗu teku tana marina.
Na sha gishiri har ta hanci,
hulata ta kama hanyar Sifen ba sallama,
'yan kallo a bakin tasha sun riƙe ciki.
A na biyar,
ƙarar ruwa ta ɗauke ɗif.
Ba tsalle, ba jijjiga,
sai igiya na siririn kuka a tafin hannuna,
tsibirai na zamewa ta wutsiyar ido.
Na ji wani na ihu, ashe ni ne.
Daƙiƙa goma sha ɗaya, in ji agogon Tangi.
Daga nan na koma shan gishiri.

Shekara talatin ina rabon wasiƙa a kan keke,
ban taɓa makara ba, ban taɓa gudu ba.
Ban san da wannan mutumin a cikina ba,
bare in tambaye shi me yake ci.

Da dare na rubuta talla a bayan ambulan:
kwale-kwale na sayarwa, ba ya yoyo, mai haƙuri.
Na daɗe tsaye a kan "mai haƙuri".
Maiwenn ta leƙo ta kafaɗata, ta ce,
"Soizic fa, a ina za ta zauna? Kan wuƙar?"
Ta shafa mini man zafi a haƙarƙari,
ba ta ƙara ko uffan ba.

Yau da asuba ruwa ya janye.
Na tarar da Agwagwa kwance a taɓo, ta karkace,
ruwan sama ya taru a cikinta, da ganye,
da takalmin roba ƙafa ɗaya na yarinyar.
Na kwashe da gwangwani, kamar kullum.
Ba ta tambaye ni ina na je ran Asabar ba.

Ambulan ɗin na nan a aljihun rigar ruwa, ya jiƙe,
tawada ta fara yawo a takarda.
Tangi ya ba ni zuwa ƙarshen wata.
Da ruwa ya dawo na ɗaga jan ƙyallen, muka fita,
ita tana takunta na mai zuwa kasuwa ba gaggawa,
ni kuwa ina ƙirga a zuci:
ɗaya, biyu, uku,
in kai sha ɗaya,
in koma farko.