Ƙarƙashin Bonet

Asabar ce a Deba, ba lodi.
Na gyara wa a-kori-kurata tsayuwa gindin mangwaro,
na tokare tayar baya da duwatsu biyu,
na ɗaga bonet kamar mai duba haƙorin sa a kara.

Baƙin mai da ɗuminsa yake sauka.
Na shimfiɗa buhun taki, na shige ƙarƙashi da rigingine.
Hansatu ce mai riƙe tocila,
shekararta tara,
amma kafin in ce "sha bakwai"
sifanar na cikin tafina.

Daga madafi Dudu ta leƙo:
"Wannan ai robar wankina ce."
Na ce aro na yi.
Ta ce, "Ta bara ma aro ce, tana can bayan rumbu
ko kaza ba ta shan ruwa a ciki."

Mai ya zubo, baƙi wuluk,
wata uku na hanya a cikinsa:
hawan da ke gaban Dadin Kowa,
daren da muka kwana da tumatir a bakin gada.
Sabuwar filta, na shafe bakinta da yatsa,
na ɗaure da hannu kawai.
Ƙarfi ba ya gyara zare, sai dai ya cinye shi.

A gindin filtar gas na tarar da ruwa,
tsarabar 'yan bumburutun hanyar Biu.
Allah Ya isa ban faɗa ba, ni na tsaya na saya.
Hansatu na danna famfo, ina kallon kumfa,
har iska ta ƙare, gas ya fito garau.

Na murza makulli. Ta yi tari, ta kama.

"Kashe!"
Baffa Manu ne daga zaure.
Shekara talatin ya yi a kan sitiyari
kafin yana ta rufe masa ido.
"Na ukun nan yana shan iska."
Na ce, Baffa, yanzu na gama dubawa.
Ya ce, "Da ido ka duba."

Na sunkuya ina ƙunƙuni.
Ga shi kuwa, a wuyan nozul na uku,
danshi kamar zufar goshi.
Rabin juyi na sifana ya ishe shi.
Ban faɗa masa ba. Ya ji.

Da la'asar ta yi sanyi sai kwalliya.
Kananzir a gwangwanin madara, tsohon buroshin haƙori,
lungu-lungu, har inda hannu ke ƙujewa.
Murfin inji na ba shi ragowar jan fentin ƙofa.
Wayoyi na naɗe su da shuɗin tef, kowace a layinta.
Murfin lagireto, toka da lemun tsami,
sai da Hansatu ta ga hancinta a ciki.

Jibir maƙwabci ya ɗora haɓa kan katanga:
"Wa zai gani, bayan ka rufe?"
Na ce, kai in za ka yi wanka, fuska kaɗai kake wankewa?
Abin da ban tsaya gaya masa ba:
a kan inji mai tsabta
ɗigo ɗaya ma tona kansa yake.

Dab da magariba Baffa ya ce a kawo shi.
Hansatu ta ja sandarsa har gaban mota.
Ya ɗora tafi a kan ƙarfe, inji na salo a hankali.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Wane launi?"
Ta ce, "Ja."
Ya ce, "Tawa kore ce."
Bai ɗauke hannun ba har aka kira salla.

Jibi akwai wake, buhu goma sha biyar, zuwa Tudun Hatsi.
Yau dai na wanke hannu sau uku da omo,
baƙin na nan a ƙarƙashin farce.
Da shi na ci tuwo.