Wata Talata a Valparaíso

Shekara talatin da ɗaya na yi cikin akurkin gilashi
ina yagar tikiti a ƙofar silima.
Fuskoki na haddace, ba fina-finai ba.
Farkon kowane fim ta bango nake jin sa,
ƙarshensa kuma in karanta a idon masu fitowa.
Yau wurin kantin magani ne.
Inda allon yake, an jera man goge baki.

To, ba kuka na zo yi ba.

Da asuba ƙahon jirgin ruwa ya tashe ni,
shi da kyanwar Don Nibaldo,
mai zama kan tagata kamar ita ke biyan haya.
Gwiwata ta ce yau ba ta sauka tudu.
Na lallashe ta, muka shiga tsohon akwatin katakon nan
da waya ke zurarawa zuwa gindin gari,
yana kaɗa haƙora, teku na tasowa ta tarye mu.

A rumfar Fresia na tsinci littafi
ba bango, ba shafi goma sha ɗaya na farko.
Ta ce in ɗauka kyauta, wa zai sayi kaza ba kai?
Kan benci na buɗe shi, tattabaru na yi mini gulma.
A gefen shafi na casa'in wani ya rubuta da fensir:
ƙarya ne, ba mai yafe irin wannan.
Can gaba, hannun nan dai, ya ɗan karkace:
yi haƙuri, ana yafewa.
Ban san shi ba. Wataƙila ƙasa ta daɗe da rufe idonsa.
Amma na yi dariya har mai sayar da kifi ya waigo.

Da la'asar na ɗora faifan Eliodoro.
Tun ranar da ya faɗi daga hannunsa, yana sauri ya buɗe mini ƙofa,
allura ke tuntuɓe a wuri guda,
ta tsallake kalma biyu, ta wuce abinta.
Haka na koyi waƙar, da giɓinta.
Wata rana na ji ta lafiyayya a rediyon motar haya,
sai na ji kamar baƙuwa ce ta sa rigar ƙawata.
Shekara tara da rasuwarsa,
har yanzu in allura ta zo wurin, nakan ɗaga kai
in dubi ƙofa.

Magariba ta yi, Maite jikata ta zo ta ja ni.
Samarin unguwa sun rataya zanen gado a bangon makaranta,
kowa ya fito da kujerarsa, wani da bargo, wani da kare.
Fim ne na wani mutum da keken da ba nasa ba,
ko kuwa na ɗan'uwansa, ban riƙe ba,
don hali zanen dutse:
tun ba a yi nisa ba na juya baya,
ina kallon haske na rawa a goshin mutane,
bakin Don Nibaldo a sake, gyaɗa a hannu ya manta da ita.
Maite ta zungure ni: Kaka, allon yana can!
Na ce na sani, 'yar nan.

Iska ta hura zanen, fuskar jarumin ta kumbura,
yara suka fashe da shewa a daidai wurin kuka.

Yanzu ga ni da shayi, da burodi, da rabin fiya.
Fitilun jiragen ruwa sun zuba a ƙasa kamar tsaba.
Gwiwar na ƙorafi, na bar ta ta yi.
Saura shafi arba'in,
kuma na fere fensir.